Sukarin da Goggo Ta Ajiye

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Mubi. Duk shekara sai na zana hanji a allo, in ce wa ɗalibai ƙwayoyin da ke bangonsa suna da wata 'yar ƙofa mai taurin kai: gishiri ba ya wucewa ta nan sai ya riƙo sukari. In sun shiga tare, ruwa ya bi su zuwa jini. Shi ya sa ake ba mai zawo ruwan gishiri da sukari. Har yau, in na zo wannan darasi, raina ɓaci yake.

Da damina ne. Matata na kwance a asibiti, sai na kai 'yarmu ƙarama Betso wurin Goggo, ƙanwar mahaifina, har da kayan shayi da ƙullin sukari. Ba a jima ba aka bugo mini waya: yarinya na ta zawo, ga mayo, kogin da ke tsakaninmu, ya cika, ba mai ƙetarewa.

Na ce, "Goggo, ki tafasa ruwa, gishiri ɗan kaɗan, sukari ya fi shi yawa. Ki yi ta ba ta."

Ta ce, "To, na ji."

Da ruwa ya janye na hau mashin. Na tarar da idon yarinyar ya faɗa, ko kuka ba ta iyawa. Na ɗauki kofin da ke gefenta na kurɓa. Gishiri zalla.

"Goggo, ina sukarin?"

Ko gezau. Ta ce, "Wane mai hankali ke ba yaro mai zawo zaƙi? So kake ɗankanoma ya cinye ta? Kai da bokonka."

Wallahi da ba ita ta goya ni ba, ban san abin da zan faɗa mata ba. Na rungumi 'yata muka hau mashin. Ba mu kai kwalta ba.

A zaman makoki kowa sai ya ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na sani, ba a gabansu na fara sallah ba. Amma sukarin nan yana rataye a ɗaki, taku kaɗan daga tabarmar da Betso take kwance.

Da hantsi aka fito wa masu ta'aziyya da kunu, aka miƙo mini kofi. Na kurɓa, na ji zaƙi har maƙogwaro. Goggo ce ta kwance ƙullin. Wai abin kunya ne baƙi su sha kunu lami.