Baba Ɗaya-Biyu da Kujerar Baya

Tun kafin a buɗe ajujuwa mai kula mana da na'urorin sauti yake buɗe zauren taron makarantarmu. Yakan warware wayoyinsa a hankali kamar mai tsefe wa jikarsa kai, ya hura makirfo, ya ce, "Ɗaya, biyu." A nan yara suka samo sunan da suka raɗa masa. Sai ya taka har kujerar ƙarshe, ya lumshe ido, yana sauraron zauren da ba kowa. Na taɓa tambayarsa me yake ji. Ya ce, "Malama, na gaba ko raɗa aka yi sun ji. Na baya nake yi wa aiki."

Ranar yaye ɗalibai, ana dab da farawa, babbar na'urar haɗa sauti ta mutu. Bai tayar wa kowa hankali ba. Ya ciro ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta don naɗar murya, ya ba shi wuta shi kaɗai, ya sa makirfo a kafa ɗaya, fiyano a ɗayar, ya tura su lasifika.

A ranar wata ɗalibata marainiya za ta rera waƙa, kakar da ta raine ta kuwa kunnenta ya yi nauyi. Tsohuwar ta ce masa, "Ɗan nan, bakinta kawai zan kalla, kamar kifi a ruwa."

"Haba Iya, yau har numfashinta sai kin ji."

Ya ja doguwar waya daga akwatin, ta bi jikin bango har baya, inda tsohuwar take zaune. Ya cire abin sauraron da ke wuyansa, wanda da shi yake auna aikinsa, ya ɗora mata a kunne. Yarinya ta fara. Hasken taga ya kwanta a kan kujeru, zaure ya yi tsit kamar ana mafarki ɗaya. Tsohuwa ta dafe kunnuwa da hannu biyu. "Muryar uwarta ce!" Ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba.

Kai ne wannan, Baba, mai kai murya inda aka fid da rai. Yanzu naka kunnen ya fara gajiya, ka ce za ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk mai aiki a cikinmu, ya riƙa waiwayar na baya kamar yadda ka yi.

Kujerar ƙarshe taka ce. Mun gwada wayar, tana kaiwa.