Nauyin da Ba Ya Cikin Kwantena

"An ce sikelin nan yana ƙara wa kowace tirela kilo ɗari da ɗori."

"Sikeli ba ya ƙari. Mai sikeli dai."

"Amma ran Alhamis gaskiya yake faɗa."

"Ƙila ranar yake tuba."

Direbobi ne ke hira a ƙofar tashar kwantena, wadda ake kira tashar jiragen ruwa ko da yake ruwan da ke cikinta bai wuce na randa ba. Jirgin ƙasa ke kawo kayan daga bakin teku. Baba Mai Hatimi ya ji su, ya wuce abinsa, don wanda ake zargi ƙanen matarsa ne, akawun sikeli.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, shekara ashirin da biyu ke nan. Lokacin Baba siriri ne kamar sandar tsintsiya. Akawu ya tausaya masa, ya kai shi gidansu cin abincin rana, yayar Akawu ta zuba masa sau uku, shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura aure.

Aikin Baba bai taɓa canzawa ba. In tirela ta hau sikeli da kaya, sai ya zagaya bayanta, ya kai hancinsa jikin hatimin da ke ƙofar kwantena, ya ƙwala wa Akawu lambar. Akawu ya rubuta, ya danna maɓallin awo. Ran Alhamis Baba yake hutu, wani mai kaifin ido ke karantawa daga gefe.

Da ƙorafin masu kaya ya yi yawa, manaja ya ba Akawu mako guda: ko a gano inda ƙarin yake fitowa, ko ya ajiye makulli. Aka kira wata injiniya, ta kwance sikeli ta mayar, ba ta ga komai ba. Sai ta koma kan tsofaffin takardu, ta kira Akawu da Baba zuwa ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, wannan matsala girma take yi," in ji ta. "Ta fara da kilo sittin. Shekara ta biyu ta haura tamanin. Akwai wata uku da ta rame, sannan ta murmure."

"Wace shekara ta rame?" in ji Baba.

Ta faɗa. Shekarar da matarsa ta tafi jinyar mahaifiyarta ce.

Maganar a nan take: likita ya kafa masa doka, matarsa ta rage masa kwano, shi kuma kullum yana rantse mata kilo tamanin da biyar yake. Mai abincin bayan sito ce kaɗai ta san sauran labarin. Baba ya dubi Akawu, wanda ya riga ya fara ciro makulli daga aljihu.

"Ku biyo ni," in ji Baba.

Ya taka ya hau sikelin, babu mota a kai, ya tsaya daidai inda takalminsa ya goge fenti. Allon da ke saman ofis ya haska ja: ɗari da ashirin. Direbobin da ke layi suka karanta tare, kamar 'yan aji.

"Ashe kai ne kayan da ba su da takarda," in ji manaja. Ya ce Akawu ya mayar da makullinsa aljihu, ya sa a ja jan layin da Baba ba zai ƙetare ba, a sayo masa tabarau don ya karanta daga nesa.

"Mijin Yaya, shekara ashirin da biyu ina auna ka kyauta," in ji Akawu. Ya ciro waya yana lalubo lamba.

Baba ya sauko da sauri irin wanda ba a taɓa gani a wurinsa ba, ya riƙe masa hannu.

"Ƙanena, na fitar da kai, kai ma ka fitar da ni. In yayarka ta tambaya, don Allah ka ce mata sikelin ne ke ƙari."