Saƙon Talla da Na Aika Gidan Makoki

A lokacin da abin ya faru ban daɗe da barin aikin rediyo ba, inda na yi shekaru ina tace labarai ina karantawa. Aikin ya koya mini yarda da alƙaluma fiye da jita-jita, kuma ina alfahari da hakan. Baffan mijina, dattijo mai shagon yadi a kasuwar Sakkwato, shi ya ba ni aikin kula da shafin intanet da 'ya'yansa suka buɗe wa shagon. Bai so shafin ba tun farko. Ya ce shi bai san yadda ake ciniki da mutumin da ba a ga fuskarsa ba, amma tunda ni da yake ɗauka ɗiyarsa ce zan riƙe, ya ba ni amanar sunan shagon.

Na sa wa shafin wata manhaja mai ƙirga masu leƙowa. Tana nuna mini kayan da mutum ya duba, daɗewar da ya yi a kai, da sau nawa ya dawo. Wanda ya taɓa saye ya bar lambar wayarsa kuwa, ina iya bin sawunsa daki-daki. Da wannan na kasa mutane rukuni-rukuni: masu duba leshi da atamfa na kira su masu biki, masu duba shadda na ce masu shirin Sallah, kowane rukuni da saƙon tallar da ke zuwa masa kai tsaye ba sai na taɓa komai ba. Ciniki ya ƙaru, 'ya'yan Baffa suna ta yabona, har babbansu yana tsokanata da cewa na fi bokan unguwa sanin sirrin mutane. Ni ma dariya na yi.

Sai na lura da wasu 'yan tsiraru da ke yawan buɗe shafin farin alawayyo ba tare da sun saya ba. Da yake hutun makaranta ya kusa ƙarewa, na yanke cewa teloli ne masu ɗinka fararen rigunan ɗalibai, suna jiran farashi ya sauka. Ban tambayi kowa ba. Na tsara musu saƙo da irin Hausar da na ƙware a kai, mai cewa mun lura suna yawan duba farin yadi, su hanzarta kada su makara, kuma akwai ragi ga wanda ya sayi da yawa. Na saita shi ya riƙa fita duk bayan kwana biyu har sai mutum ya saya.

Bayan kusan mako uku Baffa ya aiko a kira ni shago. Na tarar da wata mata zaune a kan benci, malamar firamare ce daga unguwar Mabera, ta taɓa sayen atamfa a wurinmu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce so take kawai ta ga wanda yake kallonta ta shafin. Mahaifiyarta ce ta kwanta jinya, ta kuma roƙe ta, kamar yadda tsofaffi da yawa suke yi, ta saya mata likkafaninta ta ajiye tun tana da rai. Ita kuwa ta kasa. Takan buɗe shafin a bakin gadon asibiti, ta kalli farin yadin, ta rufe, domin a ranta sayensa tamkar sallama uwar ne. A nan saƙona na farko ya same ta, yana gaya mata kada ta makara. Ranar da tsohuwar ta rasu, maƙwabta ne suka kawo likkafanin. Saƙon bai daina zuwa ba. Ya shigo ana zaman makoki, ya sake shigowa ranar sadakar bakwai, da maganar ragi ga wanda ya sayi da yawa.

Na yi shekaru ina karanta sanarwar rasuwa a rediyo ba tare da muryata ta girgiza ba, amma ranar ko haƙuri na kasa bayarwa daidai. A nan na ji abin da duk layin masu yadi suka sani ni ban sani ba. Baffa ba ya tallar alawayyo, ba ya tayi a kansa. Idan mutum ya zo ya faɗi yawan yadin da yake so, daga adadin da yanayin fuskarsa Baffa yake gane ko na mene ne. Sai ya shiga ciki ya yanka, ya naɗe, ya yi ta'aziyya, sau da yawa ma ba ya karɓar ko sisi. Wannan mutuncin na ɗauka na sa masa ragi. Baffa ya dube ni ya ce a rufe shafin a ranar, domin shi ba zai tsufa da sunan mai farautar masu mutuwa ba. 'Ya'yansa da ke yabona jiya duk suka sunkuyar da kai.

Malamar ce ta hana. Ta ce wa Baffa ba don a rufe ta zo ba, ita kanta ba ta samun shiga kasuwa sai ƙarshen mako, kuma akwai mata da yawa irinta. Ta ce ta zo ne da fushi, tana zaton za ta tarar da azzalumai, sai ta tarar da wata 'yar boko da ta san lissafi ba ta san yadi ba. Baffa ya yi murmushi duk da ɓacin ransa. Ta juyo ta kira ni ƙanwarta, ta ce ta yafe, amma in yi mata alkawarin ba za a sake ƙirga hawayen kowa a wannan shafin ba. Baffa ya amince da sharaɗi ɗaya: in zauna a shago wata guda, in bar waya a jaka, in kalli mutane.

Na zauna. Na ga uba yana shafa shadda sau uku ya ajiye don ta fi ƙarfinsa, na ga amaryar da aka fasa bikinta ta zo canza leshi. A manhajata duk waɗannan masu sha'awa ne da ya kamata a matsa musu. Har yanzu ina ƙirga masu leƙowa, domin aikin yana da amfani, amma na rubuta a fili cewa muna ƙirgawa, ba na aika saƙo sai ga wanda ya nema, kuma ba na kafa sabon rukuni sai na tambayi Baffa.

Ina godiya ga Allah da ya haɗa kuskurena da mace mai haƙuri da dattijo mai adalci. Ga 'yan'uwana masu irin wannan aiki ina cewa, manhaja za ta gaya muku sau nawa mutum ya duba kaya, ba za ta gaya muku dalilinsa ba. Ku tambayi waɗanda suka tsufa a sana'ar kafin ku danna. Shafin alawayyo na nan har yau, na cire masa ƙirga da talla. Abin da ke kai kawai lambar shago ce da addu'ar Allah ya jiƙan magabatanmu, kuma ban san ko mutum nawa ne suka buɗe shi ba.