Miyar Kwakwar Baba

A unguwar Gubaira, can ƙasar Larabawa, na koyi cin miyar da ba ta ganin wuta. Direba ne ni a lokacin, mu uku a ɗaki: ni, da wani Bakatsine mai gyaran famfo, da wani dattijo ɗan kudancin Indiya mai walda, wanda muke kira Baba. Kullum da safe Baba sai ya turara idli, wata farar wainar shinkafa da ba a soyawa, ya haɗa mata miyar kwakwa. Ni kuwa mutum ne mai sa ido a kicin. Ban taɓa tambayarsa ba, amma na haddace hannunsa tsaf.

Sai ƙarfe ya faɗo masa a hannun dama. Aka yi ɗori, ya dawo ɗaki ya kwanta, ya daina cin abinci. Shinkafa da kaza ya ture, tuwon da muka tuƙa ya kalla ya yi godiya. Kafilinsa, ubangidan da ya kawo shi aiki ƙasar, ya leƙo, ya ga yadda ya rame, ya ce in bai miƙe ba zai yankar masa tikitin gida. Ga shi Baba yana da 'ya'ya mata a makaranta. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san hannu zai warke, yunwa ce za ta kore shi.

Na je kasuwar Batha na sayo ƙullun idli, kwakwa, ɗanyen barkono, citta da ganyen kori. Soyayyen waken da yake sawa don kauri na manta, sai na ɗebi gyadar da aka aiko min daga gida. Ko a jikina, gyada ba ta ɓata miya. Da safe na kankare kwakwa, na niƙa su duka da gishiri da ɗan ruwa. Juyawar da zan yi in duba idli, Bakatsine ya juye niƙan a tukunya ya kunna gas.

"Ɗanyar miya za ka ba mara lafiya, Malam?" ya ce. "Bari ta tafasa, mai ya taso."

"Ba miyar taushe ba ce," na ce, na sauke tukunyar tun ba ta ɗau zafi ba. "Je ka gyara famfonka."

Mai kaɗai ake ɗorawa, cikin ludayi. Ya yi zafi na watsa baƙaƙen ƙwayoyin mastad, ƙanana kamar gero, suka hau fashewa. Na jefa busasshen barkono da ganyen kori, na juye a kan farar miyar ta yi cuu. Ƙamshin ya riga ni shiga ɗaki.

Baba ya tashi zaune. Da guntun Larabcinmu ya tambaya ko ta hau wuta.

"Mafi," na ce, wato babu.

Ya daɗe yana kallon farantin da na ajiye masa. Sai ya kalli hannunsa na hagu, ya mayar da shi ƙarƙashin bargo. Nan na gane. Su ma kamar mu ne, ba sa kai hagu baki, kuma dattijo ba zai roƙi wani ya ba shi ba.

Na fita na wanke hannu, na dawo na zauna a bakin katifarsa. Na gutsuri idli, na dangwali miya, na kai masa baki. Ya tauna a hankali, idonsa ya ciko.

"Gyada ka sa?"

"Gyada na sa, Baba."

Ya girgiza kai, ya sake buɗe baki.