Kwana Ukun da Tomeji Ya Rufe Shago

Shekara arba'in da shida Hokari Tomeji ya yi yana yin awara a layinmu, kuma talatin daga ciki bango ɗaya ne ya raba shagonsa da nawa. Sunana Masue, tela ce ni, gyaran kaya nake yi: rage wando, canza zif, toshe inda asu ya ci.

Ƙarfe uku na asuba yake tashi. Ta bango nakan ji injin niƙansa ya fara, can kuma ƙamshin dafaffen waken suya ya shigo mini ta taga. Kafin bakwai matan unguwa sun jeru da kwanoninsu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum jajir saboda ruwan sanyi. Ba shi da yawan magana sai in tsiya za mu yi. Yana ce mini Mai Allura, ina ce masa Mai Wake, har yaran layi suka ɗauka sunayenmu ke nan.

Matarsa Chiyono ita ke tsayawa a gaban shago tana sayarwa, har ta rasu shekara tara da suka wuce. 'Ya'yansu biyu. Kiyohiko, babban, yana aikin ofis a Tokyo. Natsue tana aure a Saitama. Babu wanda ya nuna sha'awar sana'ar a cikinsu, shi kuma bai taɓa roƙonsu ba.

A hunturun bara waccan santsi ya kwashe shi yana ɗauke da bokitin tafasasshen ruwan wake, ya ƙone tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Ni na ji faɗuwarsa, ni na kira motar asibiti. Daga nan 'ya'yan suka sa shi gaba, kowane mako waya, Baba ka huta, Baba ya isa haka. Ba zan ce ba su da gaskiya ba. Amsarsa ɗaya ce, ranar da ya kasa ɗaga bokiti shi da kansa zai rufe. Kwana goma sha ɗaya da fitowarsa daga asibiti na sake jin injin.

Da bazara ta shigo, cikarsa shekara saba'in da bakwai ta matso, Natsue ta kira ta ce sun kama ɗakuna na kwana uku a Tsibirin Fitilu, wurin wasannin nan na bakin teku. Ya ce me tsoho zai yi a wurin lilo. Ta ce ai Mama ta daɗe tana son zuwa. Gaskiya ne kuwa. Chiyono ta taɓa yanko hoton wurin daga mujalla ta manna a jikin firij, ta yi ta ce masa su je, yana cewa baɗi. Washegari ya ce wa Natsue to.

Sai maganar kaya ta taso. Natsue ta ce rana ta biyu da yamma za su ci abinci a gidan abincin da ke saman otal ɗin, irin na Faransawa, kuma ba a barin namiji ya shiga sai da kwat da laktaye. Ya shigo shagona da kwat ɗinsa guda ɗaya tilo a hannu, baƙi wuluk, wanda yake zuwa jana'iza da shi.

Na ce, "Mai Wake, abinci za ka ci ko gaisuwar mutuwa za ka yi wa kuku?"

Ya ce, "Kwat ai kwat ne."

Ban yarda ba. Ranar Lahadi na ja shi muka hau jirgin ƙasa zuwa Nagaoka, muka sha yawo a kanti. Duk wanda ya shige shi a kafaɗa sai hannun ya rufe masa yatsu. Daga ƙarshe muka ɗauki wani shuɗi mai duhu da laktaye ruwan toka. Sau uku na kwance hannun kwat ɗin ina sake ɗinkawa, don na dama sai da na ɗan saki saboda ƙunar ba ta son matsi. Ɗaurin laktaye kuwa ya gagare shi sam. Mutumin da ke yanka awara daidai wa daida ba tare da ya auna ba, ya kasa ƙulli ɗaya. Sai na ɗaura masa na sassauta, ya riƙa zurawa ta ka.

Abin da bai so kowa ya sani ba shi ne, har koyon riƙe wuƙa da cokali mai yatsu ya yi a bayan shagona, da soyayyar awara a faranti. Ya ce ba ya son ya ba yaran kunya. Da zai tafi ya rubuta takarda da hannunsa ya manna a ƙofa, yana ba masu saye haƙuri, yana cewa za a buɗe ranar Juma'a kamar kullum.

Ana jibi za su tafi Kiyohiko ya kira ni. Ya san makullin shagon na biyu yana wurina tun zamanin Chiyono. Ya ce suna so su yi wa Baba kyautar ba-zata, za a sake daɓen ƙasan da irin wanda ba ya santsi kafin ya dawo, in ba ma'aikatan makulli, kada in faɗa. Na ji daɗi ƙwarai. Har shi masa albarka na yi.

Ranar Talata Tomeji ya tafi, kwat a cikin jakarsa ta rataya, hoton Chiyono a aljihu. Laraba da safe babbar mota ta tsaya a ƙofar. Na ba su makulli. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na leƙa na ga mutum huɗu sun fito da babbar tukunyar, bayanta injin niƙa, bayansa akwatunan katako da ake matse awara a ciki. Na ce wa kaina ai dole a kwashe kaya kafin a yi daɓe. Amma da na ga suna yanke bututun ruwa, sai na kira Kiyohiko, bai ɗauka ba. Na kira Natsue ta ɗauka, ana ta kiɗa a bayanta. Ta ce, "Inna Masue, kada ki damu, Baba ya sani, mun yi magana." Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Har shayi na kai wa ma'aikatan. Kafin la'asar motar ta tafi da komai.

Abin da ya faru a can, daga bakinsa na ji wani, daga bakin Natsue na ji saura, kuma labarin nasu bai saɓa ba.

Ya ji daɗin wurin fiye da yadda ya zata. Ya hau kwale-kwalen da ke zagaya wasu gidaje masu jan rufi, ya hau babban lilo, da suka kai ƙololuwa ya ciro hoton ya juya shi wajen teku. Da masu ganguna da tufafi kala-kala suka zo wucewa, ya tsaya a rana har suka ƙare. Da safe ya ɗanɗana awarar otal ya ce wa Natsue a kunne wannan ruwa ne aka daskarar. Ta ce rabon da ta ga yana dariya haka tun mahaifiyarsu tana raye, kuma sau biyu ta ja yayanta gefe ta ce su fasa. Ya ce mata ai motar ta riga ta iso.

Ƙarfe biyar ya fara shiri don cin abincin ƙarfe shida. Ya yi aski, ya goge takalmi, ya zura laktayen ta ka. A bakin ƙofar gidan abincin wani ma'aikaci ya dube shi ya rusuna, shi ma ya rusuna har ya fi ma'aikacin. Aka ba su tebur a bakin taga. Wuri ne da ko cokali ba ka jin ƙararsa, kowa da raɗa yake magana, wata mata tana kaɗa piyano a kusurwa. Abinci yana zuwa kaɗan-kaɗan a manyan farantai, kowanne sai an tsaya an yi bayaninsa. Ya riƙe wuƙarsa yadda muka koya, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Bayan an kwashe farantin kifi Kiyohiko ya gyara zama ya fara. Ya yi maganar ƙunar, da abin da likita ya ce game da zuciyarsa, da yadda ba sa iya barci in dusar ƙanƙara ta sauka a garinmu. Tomeji yana gyaɗa kai, yana zaton irin ta kullum ce. Sai Kiyohiko ya ce an riga an gama. An kwashe kayan yau, an sayar wa dillali. Ginin dama da sunan Kiyohiko yake tun bayan rasuwar Mama, Baba da kansa ya sa hannu. Natsue ta gyara masa ɗaki a gidanta mai kallon lambu.

Natsue ta ce mini ta jira ya buga tebur. Bai buga ba. Ya dubi teburin hagu, ya dubi na dama, mutane cikin ado suna cin abincinsu. Sannan ya ajiye wuƙar a hankali.

Ya ce, "Wa ya buɗe musu?"

Kiyohiko ya ce Inna Masue ce.

Aka kawo nama, aka yi bayaninsa, Tomeji ya saurara har ƙarshe. Da ma'aikacin ya tafi sai ya taɓa ƙirjin kwat ɗin ya ce, "Ashe shi ya sa kuka sa na saka wannan. Kun san a nan ba zan ɗaga murya ba."

Ya cinye naman tas, don bai taɓa barin abinci a faranti ba. Daga nan sai ga ma'aikata uku da kek da kyandir, abin da Natsue ta shirya tun wata guda ta kuma manta ta soke. Suka yi masa murna, mutanen tebura na kusa suka tafa. Ya miƙe ya rusuna wa kowane ɓangare, ya hure kyandir, ya zauna. Natsue ta tashi ta shige banɗaki. Da aka gama ya yi wa ɗansa godiyar abinci, irin godiyar da ake yi wa baƙo, ya tafi ɗakinsa.

Da gari ya waye ba su same shi ba. Ya bar saƙo a wurin masu karɓar baƙi cewa ya tafi gida. Jirgin ƙasa uku ya canza shi kaɗai, mutumin da bai taɓa wuce Nagaoka ba sai da ɗan rakiya.

Ina kan keken ɗinki bayan azahar na gan shi ya wuce tagata, da kwat ɗin a jikinsa. Na fito da murna ina shirin tsokana, sai na ga fuskarsa. Ya buɗe shagon ya tsaya a tsakiya. Babu komai sai shatin tukunya a ƙasa da guntayen bututu a bango. Daɓen yana nan yadda yake, ko taɓa shi ba a yi ba. A lokacin na gane Natsue ƙarya ta yi mini. Na fara yi masa bayani, maganar daɓe, maganar waya. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Da kika ga tukunya ta fita, Masue, ba ki ce a tsaya ba?"

A cikin shekara talatin, ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana. Ya miƙo hannu, na ba shi makullin.

Ya bi sawun dillalin, amma injin ya riga ya tafi wani gari, tukunyar kuwa an kai ta wurin masu narka ƙarfe. Bai koma Saitama ba. Yana nan a ɗakunan saman shagon. Kiyohiko ya so ya ba da ƙasan haya, Tomeji ya aika masa cewa ranar da wani ya shigo, shi zai fita, kuma ba zai faɗi inda za shi ba. Har yau wurin a rufe yake. Matan unguwa suka koma sayen awarar kanti a roba.

Wata huɗu ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Na rubuta masa takarda, bai amsa ba. Sai ran nan da kaka ya shigo da wanduna biyu ya ce a rage ƙugu, sun yi masa yawa. Na auna, ya rame sosai. Bai zauna ba, amma da ya zo karɓa ya sha shayi a tsaye. Daga baya ya fara zama.

Yanzu Talata da Asabar yana bin motar farko zuwa ƙetaren kogi, inda wasu mata da miji suka buɗe shagon awara ba su daɗe ba. Ba ya ɗaga bokiti, sun hana shi. Yana tsayawa a bakin tukunya ne ya ce musu yanzu, ko tukuna. Natsue tana zuwa duk wata, yana buɗe mata ƙofa, ta yi shara ta yi kuka ta tafi. Kiyohiko sau ɗaya ya zo, da sabuwar shekara. Uban ya dafa masa abinci, suka yi hirar dusar ƙanƙara da tsadar kananzir, da yamma ya raka shi tasha.

Makon jiya Natsue ta kira ni. Ta ce don Allah in riƙa lura ko yana shan magungunansa, in riƙa sanar da ita ba tare da ya sani ba. Na ce mata a'a, tana da lambarsa, ta tambaye shi da bakinta. Da na ajiye wayar na haura sama na faɗa masa duk yadda muka yi. Yana yanka albasa, bai juyo ba. Ya ce yana sha, sai dai farin maganin nan da ke sa shi jiri. Sannan ya tambaye ni ko na ci abinci, na ce tukuna, ya ƙara ruwa a miyar.