Tsagar da ke Ƙarfen Amalanken Maiwada

Maiwada maƙeri ne a tsohuwar Maradun, shi ke ƙera wa unguwarsu fartanya da lauje. Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara hawowa, aka ce kowa ya kwashe ya koma tudu. A unguwar, shi kaɗai ke da amalanken shanu, don haka kayan kowa a kansa suka hau. Ƙanensa Yari ke kora.

Ana cikin jigila Yari ya kira shi, ya nuna masa tsaga siririya a ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Maiwada ya durƙusa, ya bi ta da farce, ya ji tana karce shi.

"Yaya, mu dakata?" in ji Yari.

"Wagga tana da haƙora," in ji Maiwada. "In bakin tsaga na da kaushi, gefe da gefe suna cizon juna, ba ta sauri. Mai santsi ita ka gudu. Za ta kai mu."

Dakatawar ma babu hali, ruwa ya riga ya shiga rumbunan maƙwabta. Amalanken ya ci gaba da hawa da kaya, yana saukowa wayam, a kan hanya mai duwatsu. Tsagar tana buɗewa tana rufewa, haƙoran suna goge juna har suka cinye.

A hawan tudu ƙarfen ya karye. Buhunan gero da amalanken suka danne Yari. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Maiwada ya ɗauko guntun ƙarfen ya duba. Fiye da rabin bakin ya yi sumul kamar an wasa, ɗan abin da ya rage ne kawai mai kaushi, wanda ya ɓalle a ranar.

A sabon matsugunin ƙasar tsakuwa ce, mutane ba su da gonar da za su sa fartanya. Maƙerar ta mutu. Ya koma wasa wuƙaƙe a kasuwar Talata Mafara, yana ciyar da gida biyu. Matar Yari, Taibatu, tana karɓar hatsin da yake kawowa, amma har Maiwada ya rasu ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba.