Rigar Siminti a Zauren Kakana

A da a Anka, in baƙo ya ce a nuna masa abin tarihi, sai a kai shi ya ga ragowar ganuwa, daga nan a biyo da shi ƙofar gidanmu ya ga zaure. Kakana ne ya gina shi, da tubalin da ya dunƙula da hannunsa. Rufin kan bakan gizo yake zaune, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Ko ana tsananin bazara, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa.

Baba ya gaji zauren, ya gaji wahalarsa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya kwaɓa da ƙasa, ya kafa tsani ya yaɓe ginin daga sama har ƙasa. Ba ya yarda kowa ya taya shi.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in na soma koyarwa a Gummi. Lokacin siminti ya shigo, duk wanda ya ɗan samu sai ya shafe gidansa da shi. Ni kuwa ga sabon albashi, ga kai ya ɗau zafi. Na zo hutu na tarar da Baba a kan tsani, ƙafafunsa na rawa. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Tsohon ga bai sauka sai ya hwaɗo. Ka yi wani abu."

Na sayo siminti, na ɗauko birkila. Tausayin Baba ne ya sa ni, amma ba zan ɓoye ba, ina son a ce ɗan gidan ya zama wani abu.

Baba ya dubi buhunan ya ce, "Ƙasa numfashi takai. In ka tushe mata hanci, mi kaka son ta yi?"

Na ce, "Baba, an ci gaba. Wannan riga ce ta har abada, ka huta da tsani."

Ya ɗauki tsaninsa ya kai bayan rumbu ya kwantar.

Zaure ya fito sumul, mutane suka yi ta sa mini albarka. In na zo gida nakan ga Baba da hantsi yana zagaya bangon, yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne. Ni a wautata na ɗauka sha'awar aikin yake yi. Ashe 'yar tsaga ce ta buɗe kusa da indararo, ruwa na shiga, ba shi da hanyar fita. Waje fes, ciki ƙasa na ruɓewa.

A damina ta huɗu, bayan azahar, zauren ya zauna. Ba wanda ya ji ciwo, domin tun farkon ruwa Baba ya ɗauke tabarmarsa ya hana kowa bi ta ciki. Da aka aiko mini na hau mota na taho. Na same shi tsugune cikin ɓaraguzai yana tsamo azara, ga simintina kwance gefe, falle-falle, ko ƙwarzane babu. Garin neman gira na rasa ido, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. A sake gina shi yadda yake, ka tsaya a kai."

Ya girgiza kai. "Ban iya ginin bakan gizo ba. Kakanka ya rasu ban kai ga koyo ba, waɗanda sunka iya kuwa duk sun bi shi. Yaɓe kaɗai yab bar min."

Sai a lokacin na gane abin da yake hawa tsani yana tsarewa duk shekarun nan.

Ya tona ƙasa ya ciro tubali ɗaya da ruwa bai kai gare shi ba. Ga shatin yatsun kakana huɗu a jikinsa, raɗam. Ya share shi da hannun riga, ya miƙo mini.

Ya ce, "Aje wanga inda ruwa ba ya taɓa shi. Kak ka yi mai riga."